Wizil na Kolombiya: Gawa Shida da Hoton Banɗaki

 Filin kimiyya na wannan fitowa zai kai mu nesa, har tsaunukan Kudancin Amurka, wurin wata 'yar dabba mai cin nama wadda ake lissafa ta cikin waɗanda suka fi wuyar gani a duk nahiyar. Sunanta wizil na Kolombiya. Kusan duk abin da masana suka sani a kanta ya fito ne daga gawarwaki shida da ke ajiye a gidajen adana kayan tarihi, sai kuma wasu hotuna da wani mutum ya ɗauka a banɗakin gidan iyayensa. Tambayar da ke gabanmu ita ce: yaya ake kare dabbar da ba a san yawanta ba, ba a kuma san abincinta ba?

Mu fara da sunan, tunda mun san zai tsayar da wasunmu. Wizil sunan Turanci ne muka ara, domin ainihin wannan dabba ba ta zama a ƙasar Hausa, shi ya sa kakanninmu ba su raɗa mata suna ba. Larabawa suna ce mata ibn irs, kuma akwai wani irinta da ke yawo a lungunan Alkahira kamar yadda ɓera ke yawo a namu. Mutanen Kolombiya, da yake Sifaniyanci suke yi, komadireha suke kiranta. Amma danginta ba baƙi ba ne a wurinmu. Bodari, mai zanen baƙi da fari nan da ke sakin wari idan an tsokane shi, ɗan'uwanta ne. Haka dage, wanda maharba ke ba da labarin taurin kansa da son zumarsa, haka kuma karen ruwa. Dukkansu dangi ɗaya ne a lissafin masana: ƙafafu gajeru, haƙora masu kaifi, da 'yar jakar wari a gindin wutsiya. Wanda zai ruɗe mu shi ne tunku. Idan aka jera hoton tunku da na wizil, da yawanmu za mu rantse uwa ɗaya uba ɗaya ne, alhali tunku ya fi kusa da kyanwa da kura, shi kuwa wizil ɓangaren kare yake. Kama da wane ba ta wane. Ku riƙe wannan karin magana, domin kamanni ne suka ɓoye dabbar da muke zance shekara da shekaru.

Wizil na Kolombiya ƙarami ne ƙwarai. Daga hanci zuwa gindin wutsiya kimanin santimita 22 ne, wutsiyar kuma kimanin 11. Idan aka miƙe shi a kan rular santimita 30 da muke ja layi da ita a aji, bakin wutsiyarsa kaɗai zai leƙo waje. Nauyinsa bai kai giram 150 ba, wato yawancin wayoyin hannu na yanzu sun fi shi nauyi. Bayansa ruwan ƙasa ne mai duhu, kusan baƙi, cikinsa kuma ruwan ɗorawa mai ɗan ja-ja, sannan akwai wani tabo mai duhu mai siffar ƙwai a ƙasan wuyansa. Tafin ƙafarsa babu gashi, kuma akwai fata da ta haɗe yatsun, irin ta agwagwa amma ba ta kai ta faɗi ba. Za mu dawo kan wannan ƙafa, don ta jawo gardama.

Gidansa tsaunukan Andes ne, waɗanda suka miƙe kimanin kilomita 7,000 a gefen yammacin Kudancin Amurka. Da suka shiga Kolombiya sai suka rabu uku kamar yatsun ƙafar kaza, kogin Cauca da kogin Magdalena suna gudana a tsakaninsu. Wuraren da aka samu wannan wizil suna tsakanin kimanin mita 1,500 zuwa 2,700 sama da teku. Don mu kwatanta, garin Jos yana wajen mita 1,200, dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba kuwa, wanda babu wanda ya kai shi tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Ke nan akwai inda wizil ɗin ke farauta wanda ya fi kowace ƙasa tamu tudu. Malaman labarin ƙasa sun koya mana cewa duk mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da kimanin digiri 6, saboda haka ko da yake wurin yana dab da tsakiyar duniya, akwai sanyi. Iska mai ɗumi da ke tasowa daga kwari takan hau jikin dutse, ta huce, ta zama gajimare. Itatuwan wurin a cikin gajimare suke wuni, gansakuka ta lulluɓe rassansu, ƙasa a jiƙe, ƙoramu ko'ina. Irin wannan daji ake kira kurmin gajimare.

Shekara 27 a cikin durowa

A shekarar 1951 wani masanin dabbobi Ba'amurke mai suna Philip Hershkovitz yana tattara samfuran dabbobi a kudancin Kolombiya, a madadin gidan adana kayan tarihi na Field da ke birnin Shikago. Ya daɗe yana wannan aiki a ƙasar, har mutanen can suka mayar da sunansa Don Felipe, kamar yadda mu ma mukan lanƙwasa sunan baƙo yadda bakinmu zai ɗauka. Kusa da garin San Agustín a jihar Huila, can saman inda kogin Magdalena ke farawa, ya samu wani wizil a tsayin mita 2,700. Ya yi masa abin da ake yi wa kowane samfuri: a auna shi, a feɗe, a busar da fatar, a tsabtace ƙoƙon kan, sannan a ɗaura 'yar takarda mai ɗauke da kwanan wata da sunan wuri da tsayinsa. Aka kai Shikago, aka sa a durowa.

Babu wanda ya yi ta-maza a kansa, kuma akwai dalili. A waɗannan tsaunuka akwai wani wizil da kowa ya sani, wizil mai doguwar wutsiya, wanda ya bazu tun daga Kanada har Bolibiya. A idon mai sauri, duk wani ɗan wizil da aka kama a Andes shi ne. Sai a 1978, bayan shekara 27, wasu masana biyu, Robert Izor da Luis de la Torre, suka fitar da sakamakon duban tsanaki da suka yi wa wannan fata, tare da wata da aka samo kusa da birnin Popayán a 1956. Wizil mai doguwar wutsiya yana da baƙi a bakin wutsiyarsa, wannan kuwa wutsiyarsa gajera ce mai launi ɗaya. Wancan yana da gashi a tafin ƙafa, wannan babu. Ga tabon wuya, ga kuma bambanci a ƙasusuwan ƙoƙon kai. Suka tabbatar sabon jinsi ne, suka raɗa masa Mustela felipei don girmama Don Felipe, wanda a lokacin yana nan da ransa. Daga baya, da aka koma ana bincika durowoyin wasu gidajen tarihi, sai aka tarar da wani samfurin a New York wanda aka kama tun 1923 a Baeza ta ƙasar Ekwado. Shi ya fi shekara 50 a kwance ba a san ko wane ne ba.

Mun san akwai waɗanda za su ce, to me ya sa sai an kashe dabba kafin a san ta? Tambaya ce mai kyau, kuma a yau masana da yawa sun fi son hoto da ɗan gashi idan dabbar mai ƙaranci ce. Amma a ganinmu dole a yi wa waɗancan mutane adalci. Ba don fatun nan da ke durowa ba, da babu abin da za a gwada hoto da shi, da kuma har yau ba a san akwai wannan jinsi ba.

'Yar takardar nan da ake ɗaurawa ma ba abin wasa ba ce, kuma ɗan'uwan wannan wizil na kusa shi ne shaida. Yana zaune a dazuzzukan kogin Amazon, amma sunansa na kimiyya africana, wato na Afirka. Dalili kuwa, wani masani Bafaranshe mai suna Desmarest ne ya raɗa masa suna a 1818, daga wani samfuri da aka yi kuskuren cewa daga Afirka ya fito. Ƙa'idar raɗa sunayen dabbobi ba ta yarda a canza suna don kawai ma'anarsa ta zama kuskure ba, saboda haka dabbar da ba ta taɓa taka nahiyarmu ba tana amsa sunanmu fiye da shekara 200. Masu rubuta rahoton gwaji a ɗakin kimiyya ba tare da kwanan wata ba, kun dai ji.

Gardamar ƙafa

Da masana suka ga fatar da ke tsakanin yatsun wizil na Kolombiya, suka kuma lura cewa samfuran farko daga wurare masu ƙoramu suka fito, sai aka yi hasashen cewa dabba ce mai shiga ruwa, tana iyo tana kama ƙananan kifaye da ƙwarin ruwa, kamar ƙaramin karen ruwa. Hasashen yana da ma'ana. Matsalar ita ce, da aka yi ta kwafarsa daga wannan littafi zuwa wancan, sai kalmar "wataƙila" ta faɗi a hanya, har za ka karanta a wasu wurare an rubuta kai tsaye cewa abincinsa kifi ne. Babu masanin da ya rubuta cewa ya gan shi yana kamun kifi.

A 1986 aka kama wani a Alto Galápago, kan iyakar jihohin Chocó da Valle del Cauca, a tsayin kimanin mita 2,000. Masanin da ya ba da rahotonsa, Michael Alberico na Jami'ar Valle da ke Cali, ya nuna cewa a cikin kurmi aka same shi, ba a bakin kogi ba. Daga nan wata fassarar ta fito: ƙila ƙafar ba ta iyo ba ce, ta tafiya ce a kan ƙasa mai laka da gansakuka mai santsi. Duk wanda ya taɓa ratsa fadama da damina ya san faffaɗar ƙafa ba ta nutsewa da sauri, kuma tafin da babu gashi ya fi kama jiƙaƙƙen dutse. Wace ce gaskiya? Mu dai a nan mun fi karkata ga cewa ƙafa tana nuna abin da dabba za ta iya yi ne, amma sai ido ya gani kafin a ce ga abin da take yi. Gani ya kori ji, a nan kuwa ganin ne ba a samu ba.

Akwai dai abin da za mu iya ɗauka daga sauran 'yan'uwansa da aka yi wa bincike sosai a Turai da Amurka, muddin mun tuna cewa aro muke yi. Siririn dogon jikin wizil makami ne: duk ramin da ɓera ya shiga, shi ma zai shiga, ya cim masa har ɗaka, ya cije shi a ƙeya. Amma makamin yana da tsada. Ku duba tuwo: malmala guda takan daɗe da zafinta, amma idan aka baje ta a faranti nan da nan ta huce, domin fuskar da iska ke taɓawa ta ƙaru. Haka jikin wizil yake, fata mai yawa a kan nama kaɗan, ga shi ba ya tara kitse, kuma ko ya naɗe ba ya zama dunƙule kamar bushiya. Zafin jikinsa yana tsiyayewa da sauri, sai ya yi ta cin abinci don ya mayar. Ƙaramin wizil na Turai yakan ci abin da ya kai kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa a kowace rana. Ɗalibi mai kilo 45 da zai yi haka, sai ya cinye kilo 15 kafin a tashi barci gobe. Dabba irin wannan a tsauni mai sanyi da danshi ba ta da ranar hutu, kuma duk abin da ya rage mata abinci ya taɓa ranta kai tsaye.

Baƙo a banɗaki

Bayan 1986 aka shiga shiru. Sai a 2011, a yankin Dagua da ke yamma da birnin Cali, wani masanin zanen gine-gine mai sha'awar nazarin dodon koɗi ya je gidan iyayensa na ƙauye, ya tarar da wata 'yar dabba ta maƙale a banɗaki ta rasa hanyar fita. Ya ɗauko kyamara ya yi mata hotuna, har da wanda ta hau kan tukunyar masai, sannan ya bar mata ƙofa ta yi gaba. Hotunan suka kwanta a kwamfutarsa shekara bakwai. Durowa ta biyu ke nan.

A 2018 ya ɗora su a iNaturalist, wata manhaja da mutane ke sa hotunan tsirrai da dabbobin da suka gani tare da wuri da rana, masana da masu sha'awa su taimaka wajen gane su. Da farko shi ma wizil mai doguwar wutsiya ya ɗauka, wato kuskuren da aka saba. Amma da ya koma ya karanta bayanin wizil na Kolombiya, sai ya ga wutsiyar babu baƙin baki, ga kuma tabon nan a ƙasan wuya. Masana suka duba suka tabbatar, cikinsu har da Héctor Ramírez-Chaves na Jami'ar Caldas, wanda ya daɗe yana bibiyar wannan jinsi, aka buga rahoton a 2019. Waɗannan su ne hotuna na farko da aka sani na wannan dabba tana raye, kusan shekara 90 bayan kama ta farko a Ekwado.

Abin dariya ne, amma ya ƙara sani na gaske. Ya nuna cewa jinsin ya kai wannan ƙarni bai ƙare ba. Ya nuna yana iya kusantar gidajen mutane, ba sai cikin ƙurmusun daji kaɗai ba. Ya kuma ƙara wuri guda a taswira, kusa da gandun dajin Farallones de Cali da gwamnati ke karewa. Sai dai ku lura da asarar da jinkirin ya jawo. Da a makon da aka ɗauki hoton aka gane shi, da masana sun je sun kafa kyamarori a kewayen gidan, ƙila su samu raminsa ko kashinsa, kashin kuwa shi ne zai raba gardamar kifi. Bayan shekara bakwai, dabbar da 'yan'uwanta ba sa wuce 'yan shekaru kaɗan a daji, sawunta ya daɗe da gogewa.

Kaɗan ne, ko ɓuya ya iya?

Nan ne maganar ta fi wuya. Idan an ga dabba sau bakwai a cikin shekara 100, abu biyu ne: ko dai ba ta da yawa, ko kuma tana nan amma hanyoyin nemanta ne ba su dace ba. Akwai hujjoji masu ƙarfi ga na biyun. Kyamarar tarko da masana ke ɗaurawa a jikin itace, wadda ke ɗaukar hoto da kanta idan ta ji ɗumin jiki da motsi, yawanci don manyan dabbobi ake kafa ta, a tsayin gwiwa. Wizil yakan bi ta ƙarƙashin ganye da saiwoyi, kuma kafin kyamara ta farka ya wuce, sai a samu hoton ciyawa. Ko an kama shi a hoto, in ba a ga wuya ko wutsiya sosai ba, za a rubuta shi a matsayin mai doguwar wutsiya. Ga kuma yaƙi. Daga 1964 zuwa yarjejeniyar sulhu ta 2016, gwamnatin Kolombiya tana faɗa da 'yan tawayen FARC, kuma tsaunukan Cauca da Huila suna cikin wuraren da abin ya fi shafa. Dazuzzuka da yawa sun yi shekaru babu mai binciken da zai iya shiga ya kwana.

A ɗaya gefen kuma, masu tattara samfura sun yi fiye da ƙarni suna ɗana tarko a Andes, kuma wizil mai doguwar wutsiya ya sha faɗawa hannunsu. Shi ma ƙarami ne, shi ma yana da sauri. Idan tarko iri ɗaya a daji ɗaya yana kama wancan da yawa, wannan kuwa shida kacal, to da wuya a ce ɓuya ce kaɗai. Mu a nan muna ganin duka biyun suna aiki, amma hujjar ƙaranci ta fi nauyi. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, wadda ke fitar da jerin dabbobin da ke cikin haɗari, ta sa shi a ajin masu rauni, wato matakin farko cikin matakai uku na barazanar ƙarewa.

Abin da ya kai shi wannan aji ba ƙidaya ba ce, tunda babu wanda ya ƙidaya shi. Halin da gidansa ke ciki ne. Tsayin da wizil ɗin ke so, shi ne mutane ma ke so: babu zafin kwari, ƙasa tana da albarka, kuma a nan ne gahawar da Kolombiya ta yi suna da ita ta fi yin kyau. Yawancin 'yan ƙasar a yankin Andes suke zaune. An sare kurmi mai yawa an mayar da shi gonaki da makiyayar shanu, abin da ya rage ya zama tsibiri-tsibiri a kan tuddai da cikin kwazazzabai. Dabba mai cin nama kullum ba ta kai abin da take ci yawa ba, saboda haka ɗan guntun daji ba zai riƙe wizil da yawa ba. Idan gonaki suka raba wannan guntu da wancan, na nan ba sa haɗuwa da na can, sai auren gida ya yi yawa, zuriya ta raunana, cuta guda ko fari guda ya share su ba tare da kowa ya sani ba.

Kada a ɗauka ƙarewa a ɓoye tatsuniya ce, ta taɓa faruwa a cikin gidansu. A 2021 masana suka duba ƙwayoyin gado na waɗannan dabbobi, suka ga wizil na Kolombiya da na Amazon da mai doguwar wutsiya da wata dabba mai suna mink ta Amurka duk reshe ɗaya ne, aka ware musu rukuni mai suna Neogale. Shi ya sa sababbin littattafai ke rubuta Neogale felipei. A wannan rukuni akwai na biyar, mink na bakin teku, wanda ya zauna a gaɓar arewa maso gabashin Amurka. Masu cinikin fata suka yi ta farautarsa har ya ƙare wajen ƙarshen ƙarni na 19. Sai a 1903 aka raɗa masa suna na kimiyya, daga ƙasusuwan da aka tono a tsohon juji a jihar Maine. Babu masanin da ya taɓa nazarinsa yana raye.

Yanzu akwai dabarun da suka fi dacewa da ƙananan mafarauta irin wannan. A ƙasar Holan an ƙirƙiro wani akwati da ake kira mostela: ana ratsa bututun roba ta cikinsa, a yanke gefen bututun, a sa kyamara tana kallon wurin. Wizil ba ya ganin rami ya wuce bai leƙa ba, da ya shiga kuwa sai hoto na kusa, wuya da wutsiya duk a fili. Akwai kuma dabarar ɗebo ruwan ƙorama a tace shi a nemi ɓurɓushin ƙwayoyin gado da dabbobi ke bari daga gashi da kashi da miyau. Idan wizil ɗin mai shiga ruwa ne da gaske, ruwan da kansa zai iya ba da shaida. Duka biyun suna bukatar kuɗi da mutanen da za su hau dutse su sauka wata da watanni, a kan dabbar da ba ta jawo 'yan yawon buɗe ido kamar damisa.

Sai kuma manoma, waɗanda su ne suka fi kowa haɗuwa da wizil, kuma haɗuwar ba ta daɗi ba ce. Wizil mai doguwar wutsiya yakan shiga akurki, in ya shiga kuwa ba kaza ɗaya yake kashewa ba. Ɗabi'arsa ce ya kashe fiye da cikinsa ya ɓoye saura saboda yunwar gobe, kaji kuma a rufe suke, suna ta fuffuka babu wurin gudu. Duk wanda ya taɓa buɗe akurki da safe ya tarar da ɓarnar muzuru ko tunku ya san abin da manomin ke ji, kuma ba za mu ga laifinsa ba idan ya ɗana tarko ko ya saki kare. Babu wata shaida cewa wizil na Kolombiya yana cin kaji, amma da dare, a hasken tocila, wa zai tsaya duba tabon wuya? Komadireha dai komadireha ce. Mai yiwuwa ne an kashe irinsa a bayan gidaje an jefar a juji fiye da shidan da ke gidajen tarihi. Manomin da zai juya gawar kafin ya jefar, ya duba ko tafin ƙafar babu gashi, ya ɗauki hoton wuya da wutsiya da wayarsa tare da sunan ƙauyensu da ranar, shi ne zai iya ba duniya samfuri na bakwai.